Wa Ya Sassaƙa Dutsen Adar? Fashin Baƙi Kan Asalin Ɓawo da Ƙashi

Da hutun lakkwal na bana, ɗan ƙanwata ya dawo Tawa daga ƙauyensu na wajen Kaita, aljihunsa cike da duwatsu. Ya zube su bisa tabarma, ya zaɓo guda ya miƙo mini. Dunƙulalle ne kamar ƙaramar albasa da aka ɗan danne, a bayansa akwai zane mai reshe biyar kamar tauraro, kowane reshe da ƴan ɗige-ɗige a jere. Sauran kuwa, wasu kamar katantanwa, wasu kamar ɓawon kawa mai layi-layi.

"Kawu, wa ya sassaƙa wannan?"

Na ce masa babu wanda ya sassaƙa shi, mai shi ne ya gina abinsa tun yana da rai. Ya yi mini kallon nan na "Kawu ya fara". Sai na sa ya ɗauko wuƙa da lemun tsami. Muka kankare gefen dutse guda har ya yi gari, muka matsa lemu a kai. Ƴan kumfa suka shiga tasowa. Na ce ya samo ɓawon ƙwai ya daka, mu yi masa haka. Shi ma ya yi kumfa.

Abu ɗaya ne a jikinsu duka, kalsiyom karbonat, sinadarin farar ƙasa. Mai tauraron nan ɓawon bushiyar teku ne, wata ƴar dabbar teku mai ƙayoyi a jiki. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take yanzu, ya kwanta bisa ƙasar Adar, kuma ɓawon halittun da suka mutu a cikinsa ne ya taru ya daskare ya zama farin dutsen da ake haƙa a Malbaza ana ƙonawa a yi siminti. Fosfat ɗin Tawa da ake niƙawa a yi taki, shi ma a gindin wancan ruwa ya kwanta.

Sai dai tambayar yaron ta fi dutsen hannunsa tsufa. Lokacin da tekun Adar yake nan, yin ɓawo ya riga ya zama tsohuwar sana'a. Mafarinta sai an ninka wannan shekaru miliyan 60 sau tara. Ta yaya abu mai tsoka da yauƙi, wanda ba ya da hannu balle guduma, ya fara yin dutse da jikinsa?

Rayuwa ta haura shekaru biliyan 3 da rabi a duniya, kuma mafi yawan wannan lokaci ƴan mitsi-mitsin halittu ne kawai a cikin ruwa. Ko su ma sun taɓa gwada abin: a yankin Yukon na Kanada an samo ƴan ɓawo na fosfat da wasu halittu masu ƙwaya ɗaya suka lulluɓe kansu da su shekaru miliyan 810 baya. Dabbobi sun zo daga baya, a zamanin da masana duwatsu ke kira Ediyakara, wanda ya kama daga shekaru miliyan 635 zuwa 539 da suka wuce. Na farkon duk laɓu-laɓu ne. Akwai wata mai suna Dickinsonia, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai mai tsaga-tsaga, wata ma ta haura mita guda, amma ba ƙashi, ba haƙori, ba ƙaya. Abin da ya rage nasu shaidar kwanciyarsu ce kawai bisa yashi.

Can wajen ƙarshen zamanin, kusan shekaru miliyan 550 baya, sai ga wani abu daban. A 1972 wani masanin duwatsu, Gerard Germs, ya bayyana wasu ƴan bututu da ya samo a kudancin Namibiya, ya raɗa musu suna Cloudina don girmama masani Preston Cloud na Amurka. Ka ga yadda mai shayi ke jera ƴan kofunansa ɗaya cikin ɗaya in ya gama wankewa? To haka siffarta take, sai dai nata kofunan ba su da gindi, mazurari ne cikin mazurari, dabbar kuma tana zaune a ciki tana ƙara sabo a sama duk sa'ad da ta girma. Kaurinta ƴan milimita ne. A duwatsun Namibiyar dai aka samo Namacalathus, da aka bayyana a shekarar 2000, mai kama da ɗan ludayi a tsaye bisa ƙotarsa, da tagogi kewaye da ƙoƙon. Sai Namapoikia a 2002, wadda ke liƙewa cikin tsagar dutse tana yaɗuwa har kusan mita guda. Waɗannan su ne magina na farko da aka sani cikin dabbobi, kuma ginin nasu na ɗan koyo ne: bango siriri, tsari ba wuya.

Ba su daɗe ba suka ɓace. Da zamanin Kambiriya ya kama, shekaru miliyan 539 baya, sai harka ta buɗe. In aka ɗauki farin dutse na farkon wannan zamani daga Sibiriya ko Sin ko Mongoliya, aka jiƙa shi cikin ruwa mai tsami har ya narke, aka tace, abin da ke saura a rariya sai ya ba ka mamaki: ƴan huluna, ƴan ƙaho, ƙayoyi, bututu, faranti, akasarinsu ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba. An daɗe ana ba kowane ɓalli sunansa kamar dabba ce mai zaman kanta. Sai a 1990 Simon Conway Morris da John Peel suka bayyana wata dabba mai suna Halkieria da aka samo cikakkiya a arewacin Girinlan. Ashe ɓalle-ɓallen da yawa sulken dabba ɗaya ne. Jikinta kamar dodon koɗi marar gida, lulluɓe da ƴan sulke wajen 2,000, da faranti guda a gaba, guda a baya. In ta mutu sai su watse kamar tsakiyar da zarenta ya tsinke.

Cikin shekaru miliyan 20 zuwa 25, kusan duk manyan dangogin da muka sani da ɓawo sun bayyana. Kakannin dodon koɗi da kawa, dangin bushiyar teku, soson teku masu allurai, da kuma tirilobit, wasu masu gaɓoɓi kamar ƙwaro, da suka bayyana wajen shekaru miliyan 521 baya. Abin lura a nan shi ne, ba kaka ɗaya ne ya ƙirƙiro ɓawo ya bar wa jikoki gado ba. Dangogin nan sun riga sun rabu tun suna laɓu-laɓu. Kowannensu shi ya kama ginin da kansa, da nasa salo, da nasa kayan aiki, wannan da karbonat, wancan da fosfat, soso kuma da silika, wato sinadarin yashi da gilashi. Abin ya faru sau da dama, kusan a lokaci ɗaya. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Amsar yadda aka yi haka tana da ɓangare biyu, kuma mutane sun fi son na biyu don ya fi daɗin labari. Ni na farkon ya fi ɗaukar mini hankali: kayan aikin sun daɗe a gidan, wani aiki dai suke yi.

Ɗauki kalsiyom. Kowace ƙwayar halitta da ke jikinka tana tsare kalsiyom ɗin cikinta ƙasa da na waje har wajen sau 10,000. Dalili biyu ne. Da shi take aika saƙo, ɗan kaɗan ya shigo sai tsoka ta motsa, jijiya ta amsa. Sannan in ya yi yawa a ciki sai ya haɗu da fosfat ɗin da ƙwayar ke aiki da shi, su daskare, ƙwayar ta mutu. Saboda haka tun kafin a yi dabba, halittu suna da ƴan famfo a fatarsu masu kwashe kalsiyom suna turawa waje ba dare ba rana. Wanda ya iya kwashe abu ya zubar, ai ya iya tara shi wuri guda.

Akwai kuma wani tsohon sinadari mai gaggauta aiki, sunansa karbonik anhidras. Aikinsa shi ne haɗa iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi da ruwa, su zama bikarbonat, wanda daga gare shi ake samun karbonat ɗin gini, ko ya mayar da su yadda suke. Yanzu haka yana cikin jajayen ƙwayoyin jininka yana wannan aiki. Shi ɗin dai aka tarar a wurin ginin ɓawon kawa, da na murjani, da na bushiyar teku, da na soso. Dangogin da ba su haɗa hanya ba duk suka miƙa hannu suka ɗauko tsohon ma'aikaci ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kayan aiki na ukun ya fi ban sha'awa. Duk mai dafa shayi da ruwan rijiyar da ke cikin farin dutse ya san farin ɓawon nan da ke kama cikin buta, sai an kankare. Ruwan teku ma haka yake, a ƙoshe yake da kalsiyom da karbonat, neman wurin kamawa kawai suke. Dabba mai laushin jiki da ke zaune a ciki dole ta hana su kama fatarta, kuma yauƙin da take fitarwa yana ɗauke da sinadaran da ke hana tsakuwa tsirowa. Masu bincike sun gano cewa sinadaran yauƙin kawa suna da kama da waɗanda ke cikin ɓawonta. Ke nan mai gadin da aka ajiye don ya hana, shi ne daga baya ya zama mai cewa "a nan za a gina, a nan a tsaya".

Nan ne gwanintar take. Dutse kowa ma yana iya samu, butar shayi ma ta yi nata. Abin da ya bambanta ɓawo shi ne iko da dutsen. Dabbar takan killace wani ɗan sarari tsakanin fatarta da wani siririn mayafi, ta fara kafa firam na furotin, ta turo kalsiyom da karbonat ciki, ta janye tsamin da ke hana su daskarewa. A jikin dabbobi da yawa, kamar jaririn bushiyar teku, ba a tsakuwa abin ke farawa ba. Yakan zo kamar kwaɓaɓɓiyar laka marar tsari, a cusa shi cikin siffar da ake so, sa'an nan ya daskare. Shi ya sa ɓawo ke iya lanƙwasa da murɗewa, alhali in an bar sinadarin shi kaɗai, sai ya fito da kusurwoyi kamar ƙanƙarar gishiri.

Duba cikin ɓawon kawa, wurin nan mai ƙyalli. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, bango ne na ƴan tubala shimfiɗaɗɗu, jeri bisa jeri, da ɗan danƙon furotin tsakaninsu. Kashi 95 cikin ɗari dutse ne, kashi 5 kacal danƙo. Amma wannan kashi 5 ya sa ya fi dutsen zalla jure tsagewa har wajen sau 3,000, domin in tsaga ta taso sai ta yi ta kewaya tubali tana gajiya. Maginin gargajiya da ke kwaɓa ƙasa da ciyawa ya san wannan hikima ko bai san sunanta ba. An kuma auna a jikin dodon koɗin teku an ga cewa danƙon ya fi dutsen cin ƙarfin dabbar nesa ba kusa ba, awo da awo. Dutsen ne mai araha. Mu sai mun hura tanda ta kai digiri 1,450 kafin mu sami siminti, ita kuwa kawa cikin ruwan sanyi take nata.

Ga ɓangare na biyu: to in kayan aiki sun daɗe, me ya sa sai a lokacin?

Teku ne ya fara canjawa. Gishiri in yana daskarewa yakan rufe ƴan ɗigon ruwa a cikinsa, su zauna nan har abada. A 2004 wasu masu bincike a Amurka, cikinsu har da Tim Lowenstein, suka auna irin wannan ɗigo a tsofaffin duwatsun gishiri, suka tarar kalsiyom ɗin teku ya ninka kusan sau uku tsakanin shekaru miliyan 544 da 515 da suka wuce. Ana danganta hakan da duwatsu masu aman wuta na ƙarƙashin teku, da kuma zaizayar ƙasa lokacin da ruwa ya malalo bisa nahiyoyi. Kayan gini sun yi arha ke nan. Iskar oksijen ma ta ƙaru, ko da yake tana hawa tana sauka. Ita ce ke ba dabba damar girma, da ƙera kolajin, wato zaren furotin da ke riƙe jiki, da kuma gudu. Mai farauta kuwa sai da gudu.

Daga nan wasu masana suka ce ɓawo asalinsa juji ne: kalsiyom ya yi yawa, dabbobi suka yi ta turo shi waje, ya taru a fata. Ina ganin maganar ta bayyana inda famfon ya samo asali, amma ba ta kai ga ɓawo ba. Mai zubar da shara ba ya tsayawa ya yi mata ƙaya da murfi da ƙyaure mai buɗewa da rufewa. Siffar da ɓawon ya ɗauka tana nuna akwai abin da ake tsoro.

Shaidar ta fito a 1992, lokacin da Stefan Bengtson da Yue Zhao suka duba ƴan bututun Cloudina daga lardin Shaanxi na ƙasar Sin. A jikin wasu akwai ƴan huji zagayayyu, tsaf kamar da basilla aka yi. Babban bututu babban huji, ƙarami ƙaramin huji, alamar mai hujin yana zaɓen daidai bakinsa. Wani irin bututu da ke zaune tare da su, Sinotubulites, ba a same shi da hujin ba. Wannan yana cikin mafi tsufan shaidar dabba ta ci dabba. A farkon 2025 kuma Russell Bicknell da abokan aikinsa suka fitar da bincike kan ɓawo fiye da 200 na wata ƴar halitta mai suna Lapworthella daga kudancin Ostireliya, masu shekaru miliyan 517. Suka bi duwatsun daga ƙasa zuwa sama, wato daga tsoho zuwa sabo, suka ga hujin yana ƙaruwa, kaurin ɓawon ma yana ƙaruwa. Mai gida na ƙara katanga, ɓarawo na ƙara tsani. Wanda ɓawonsa ya ɗara kauri shi ke tsira ya haihu, ƴaƴansa su gaji kaurin, haka nan har zuriya ta canja.

Kuma da zarar an iya yin dutse, amfaninsa ya wuce sulke. Da shi ake miƙewa a bar taɓo, a jikinsa tsoka ke samun wurin kamawa, da shi ake haƙori, wato mai farautar ma ya samu makami. Tirilobit har gilashin idonsa da kalsit ya yi, wato wani nau'in kalsiyom karbonat. Mu ma muna da ƴan tsakuwar kalsit a can cikin kunne, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai a miƙe yake ko a karkace. In suka goce daga wurinsu sai mutum ya ji jiri da ya juya bisa shimfiɗa.

Kalsiyom karbonat yana daskarewa ta hanya biyu, kalsit da aragonit, sinadari ɗaya, jerin ƙwayoyi daban. Wanda zai fi sauƙin samuwa ya danganta da yawan magneziyom a ruwa: in ya yi yawa aragonit, in ya ragu kalsit. A 2007 Susannah Porter ta Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ta jera dangogin dabbobi bisa lokacin da kowanne ya fara ɓawo, ta tarar waɗanda suka fara a farkon Kambiriya, lokacin da magneziyom ke da yawa, aragonit suka ɗauka, waɗanda suka fara bayan teku ya juya, irin su tirilobit da dangin bushiyar teku, kalsit suka ɗauka. Mutumin Adar da ke zaune kan dutse, da dutse yake katanga, na fadama da laka. Abin mamakin shi ne bayan haka teku ya sake juyawa ba sau ɗaya ba, amma galibinsu ba su sake kayan gini ba. Tekun yau na aragonit ne, bushiyar teku kuwa har gobe kalsit take yi, kamar wadda yaron nan ya tsinto. Wuri ma, da kakanninmu suka yi ciniki da shi har jam'insa, kuɗi, ya zame mana sunan dukiya, ɓawon wani dodon koɗi ne na tekun Indiya, mafi yawa daga tsibiran Maldib, kuma da aragonit aka gina shi.

Mu masu ƙashin baya wata hanya muka bi, ta kalsiyom fosfat. Ƙashin ma ba a ciki ya fara ba. Wasu tsofaffin kifaye marasa muƙamuƙi, irin Sacabambaspis da aka samo a Bolibiya, mai shekaru fiye da miliyan 450, a kai da ƙirji suke ɗauke da faranti na ƙashi, cikinsu kuwa guringuntsi ne. Bisa farantin akwai ƴan ƙuraje da aka yi da irin abin da ke cikin haƙorinmu. Daga baya ne ƙashi ya shiga ciki, har aka kai ga ƙwarangwal irin na manyan dabbobin da ke tsaye a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Me ya sa fosfat? Bayani biyu ake bayarwa, kuma ba sa karo da juna. Dabba mai yawan motsi jininta kan yi tsami in ta yi gudu, fosfat kuwa ya fi karbonat jure tsami. Sa'an nan ƙashi rumbu ne: kashi 99 cikin ɗari na kalsiyom ɗin jikin mutum, da wajen kashi 85 na fosforas ɗinsa, a ƙashi da haƙori suke, jiki na ajiyewa yana ɗiba.

Mai kiwon kaji ta san wannan rumbu. Kaza na zuba wajen giram 2 na kalsiyom a ɓawon kowane ƙwai, akasari cikin dare, kuma in abincin cikinta bai isa ba daga ƙashinta take ranta. Shi ya sa in Inna ta ga ƙwai ya fara fitowa da laushi sai ta daka ɓawon ƙwai ko ƙonannen ƙashi ta barbaɗa musu cikin dussa. Kaza ɗaya, ma'adini biyu: fosfat a ƙafarta, karbonat a ƙwanta.

Ƙonannen ƙashin nan shi ne allin da tsofaffinmu ke shafawa a yatsa in suna kaɗi. Da na nuna wa yaron guntunsa, ya murza ya ga ya zama gari, sai ya ce, "Kawu, ai wannan ba ya da ƙarfi." Na ce wuta ce ta cinye kolajin ɗin ta bar dutsen shi kaɗai, in yana son ya ga ɗaya rabin, sai ya yi akasin haka. Ya samo siririn ƙashin fiffiken kaza, ya wanke, ya jefa cikin kwalba, ya cika ta da binegar ɗin uwarsa ya rufe. Kullum da safe sai ya je ya leƙa. Ran kwana takwas ya fito da shi, siffarsa na nan yadda take, amma ya lanƙwasa shi da yatsa biyu har bakin ya taɓa baki, ya sake shi ya miƙe. Ya ruga ya nuna wa uwar tasa, ita kuwa ta leƙo daga madafa ta ce, "Yaya, binegar ɗina fa, kai za ka biya."